Daga Zangon Fatake Zuwa Kasuwar Makola: Tarihin Saukar Baƙi a Akara

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Jos da abokansa, ya bi ta Legas, ya ƙetare iyaka a Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shiga ƙasar Gana ta Aflawo, yakan sauka a tashar mota ta Tudu a tsakiyar birnin Akara. Yakan sauka da gajiya da ƙura, ba ya jin harshen Ga, ba ya jin Tuwi, kuɗin da ke aljihunsa ma baƙo ne a gare shi. Amma kafin ya yi taku ɗari zuwa Kasuwar Makola sai ya ji wani yana ciniki da Hausa. Mai tsire yana kiran abokinsa da Hausa, mai sayar da albasa yana ƙirga canji da Hausa. In ya tambayi inda zai kwana, za a ce masa ya nemi motar Nima ko ta Mamobi, can zai sami mutanensa.

Wannan sauƙi da baƙon yau yake samu ba daga sama ya faɗo ba. Waɗansu ne suka share hanyar da ƙafafunsu shekaru fiye da ɗari biyu da suka wuce, suka kuma bar wata al'ada ta karɓar baƙo wadda ta cancanci masu bin Almasihu su san ta.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yin kyau a ƙasar Hausa, sai a kurmi. Goron da Hausawa suka fi so a da yana fitowa ne daga kurmin Asante, ƙasar mutanen da Hausawa suke kira Tonawa. Sarakunan Kumasi ba su yarda baƙin arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba. Sai suka mai da ciniki zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, arewa da Kogin Volta. Tonawa su kawo goro can, fatake su zo su tarar da shi. Saboda haka a bakin Bahaushe na ƙarni na 19, cewa mutum ya tafi Gwanja daidai yake da cewa ya tafi fataucin goro.

Daga Kano zuwa Salaga tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya. Akan yi wata biyu ko uku a hanya, wani lokaci fiye. Sukan ƙetare Kogin Kwara a wajajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, waɗansu su bi ta Sansanin Mango da Yandi, sa'an nan su gangara Salaga. Kayan da suke ɗauka su ne rinannun tufafin Kano, da kanwa, da kayan fata, da dabbobi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Ba a yin irin wannan tafiya mutum ɗaya. Wani Bature mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya gamu da ayarin da ke komowa daga Gwanja a garin Kayama a shekarar 1826, ya rubuta cewa mutanen ciki, maza da mata, sun fi 1,000, dabbobin kaya kuma sun kusa haka. Shugaban ayari shi ne madugu. Shi yake sa ranar tashi, shi yake daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin da za a biya kafin a wuce, shi yake raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin da yake riƙe lissafi yana yin addu'a. Akwai 'yan dako da masu korar jakuna, akwai mata masu dafa abinci waɗanda su ma suna ɗan cinikinsu. 'Yan fashi sun yi yawa a dajin Bargu, don haka wanda ya ware daga ayari ya sayar da ransa.

Duk inda ayari ya yada kaya ya kwana, sunan wurin zango. Yawanci a bayan gari ne, kusa da ruwa. Akan kafa bukkoki na ciyawa, a ɗaure jakuna, a hura wuta. A kan hanyar komowa aiki yakan ƙaru, gama goro ba ya son zafi. Sai an riƙa kwance huhu, ana tsince wanda ya ɓaci, ana yayyafa ruwa, ana sāke ganye. Wannan kalma, zango, ita ce mutanen Gana suka mayar zongo, har ta zama sunan kowace unguwar baƙin arewa a ƙasar.

Ranar sauka

Abin da ya fi damun bafatake ba tsawon hanya ba ne kaɗai. Ranar da ya iso, yana da kaya masu daraja, a garin da ba nasa ba, cikin mutanen da bai san harshensu ba. Wa zai amince da shi, shi kuma wa zai amince wa?

Amsar da fatake suka samo ita ce mai masauki, wanda ake kuma ce wa maigida. Shi mutum ne da ya riga ya zauna a garin, ya san sarki, ya san kasuwa. Yakan tarbi ayari, ya ba baƙo ruwan sha da ɗaki, matarsa ta dafa masa abinci. Yakan ajiye kayan baƙo a gidansa, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, ribarsa tana cikin la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. In baƙo ya yi ciwo shi ne mai jinya. In ya mutu shi zai binne shi, ya adana dukiyarsa har magada su zo. Jarin mai masauki shi ne sunansa. Wanda ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labari zai bi ayari har Kano, baɗi ba mai sauka a gidansa.

Amma ba kowa ne ya shiga Salaga da murna ba. Garin babbar kasuwar bayi ce. Waɗansu sun iso a ɗaure, an kamo su daga ƙauyukan arewa, ba mai ba su ruwan maraba sai dai a yi musu kuɗi kamar dabba. A shekarar 1877 wani fasto baƙar fata na Mishan ɗin Basel, Theophilus Opoku, mutumin Akuropon, ya yi doguwar tafiya har Salaga domin wa'azi, ya kuma rubuta abin da ya gani na wahalar bayin nan. Ya kamata a tuna da wannan, domin tsarin da ya kyautata wa baƙo mai dukiya shi ne kuma ya sayar da baƙon da ba shi da gata.

Yadda hanya ta karkata zuwa bakin teku

A shekarar 1863 wani hafsan Ingila a Legas, John Glover, ya fara tara rundunar tsaro, yawancinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, masu jin Hausa. Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Asante a 1873, aka kawo waɗannan sojoji Gwalkwas, wato sunan ƙasar Gana a lokacin mulkin mallaka. A watan Fabrairu na 1874 Turawa suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da ƙarfin Asante ya raunana, mutanen Gwanja suka tayar wa Kumasi, goro ya daina zuwa Salaga kamar da, ciniki ya koma wurare irin su Kintamfo. Sojojin da aka sallama kuwa da yawa ba su koma gida ba. Sun zauna a bakin teku, Hausa kuma ta zama harshen bariki na soja da 'yan sanda shekaru masu yawa.

A 1877 Turawa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akara. A 1892 yaƙin basasa a kan sarauta ya ci Salaga, fatake da malamai suka watse zuwa Yeji, da Kete-Karachi, da Kintamfo, waɗansu har Akara.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zama limamin Kete-Karachi, ya rasu a can a 1934. A garin ne ya haɗu da Adam Mischlich, Bajamushen da ya zo ƙasar a matsayin ɗan mishan na Basel kafin ya shiga aikin gwamnatin Jamus ta Togo. Limamin ya rubuta masa labaru masu yawa game da tarihi da al'adun Hausawa. Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa a 1906, shekara 26 kafin a buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Ashe wani sashe na aikin rubuta Hausa da boko an yi shi ne a zango, nesa da ƙasar Hausa, tsakanin baƙi biyu masu addini dabam. Tsohon garin Kete-Karachi ruwa ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965.

Zangon Akara

Ƙasar Akara ta mutanen Ga ce. Duk baƙon da yake son wurin zama sai ya roƙi sarakunansu da iyalansu masu filaye. Cikin Hausawan farko da suka kafu a birnin a ƙarni na 19 akwai Malam Naino da abokin tafiyarsa Malam Garba. Malam Naino ya sami fili aka kafa unguwar da ake kira Zangon Malam, inda titin Zongo Lane yake, dab da inda aka gina Kasuwar Makola daga baya. Nan kusa kuma akwai Tudu, da Cow Lane inda masu shanu suka zauna. Unguwar ta cika da Hausawa, da Yarabawa, da Fulani, da Nufawa, da Barebari. Da jama'a suka yi yawa, gardama ta tashi a kan shugabanci da limanci. Sai ɗan Malam Naino, wato Malam Baƙo, ya nemi sabon fili a yammacin gari, ya ƙaura da jama'arsa a wajen 1912. Wurin shi ne Sabon Zongo har yau.

Labarin wani saurayi ɗan Bebeji ya nuna yadda Akara ta shiga zuciyar fatake. An haifi Alhassan a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Akara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga nan ne aka riƙa ce masa Ɗantata. Yana ɗan saurayi ya bi ayarin Gwanja, yana sayar da ɗan kayansa a hanya, har ya kai bakin teku wurin mahaifiyarsa. Abin da ya gani a can bai manta ba: jiragen ruwa masu hayaƙi suna zirga-zirga tsakanin Akara da Legas. Da ya girma ya zama cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa maimakon bayan jaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano a 1911, goron da yake yin watanni a hanya ya koma yin 'yan makonni. Daga nan manyan ayarin ƙafa suka fara mutuwa. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Makola, Nima da Mamobi

An gina Kasuwar Makola a 1924. Tun farko mata ne suke riƙe da ita, musamman matan Ga, kowane irin kaya da shugabarsa. Mutanen zango sun sami nasu gurbi a ciki da kewaye: fawa, da cinikin dabbobi, da goro, da hatsi, da albasa, da dako. Shaidar wannan cuɗanya tana bakin mutanen Gana har yau. Shinkafa da wake ta zama wace, wadda suke rubutawa waakye. Ƙosai ya zama kose, ana cinsa da koko da safe. Tuwon zafi yana nan da sunansa. 'Yan matan da suke ɗaukar kaya a ka a Makola ana ce musu kayaye, wato an haɗa kalmar Hausa, kaya, da kalmar Ga mai nufin mata. Yawancinsu daga arewacin Gana suke zuwa, da yawa kuma a bakin shaguna suke kwana.

Da tsakiyar gari ta cushe, wani malami Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili a arewacin birnin daga iyalin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Nan ne Nima. Musulmin unguwar sukan ce sunan daga ni'ima yake, mutanen Ga kuma suna da tasu fassarar. Malam Futa ya yi abin da masu masauki suka saba yi, wato duk baƙon da ya zo ya yanka masa wurin da zai kafa ɗaki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, barikokin soja da gidajen Turawa da ke kusa suka jawo leburori, da masu gadi, da kuku, da masu wanki. Bayan yaƙi tsofaffin sojoji suka ƙaru a kai. Unguwar ta bazu ta haifi Mamobi, babban kwatami ya raba su. Da yake shekaru da dama wurin yana wajen iyakar hukumar birni, an yi gine-gine ba tsari, ba isassun hanyoyi, ba magudanan ruwa.

Mazaunan Nima ba Hausawa ba ne kaɗai. Akwai Zabarmawa, da Mosawa, da Kotokoli, da Wangarawa, da Dagombawa, da Farafara, da Kusasi, da Dagaba. Hausa ce ta haɗa su, ko da yake Hausar zango ta ɗan bambanta da ta Kano. Ba kuma dukansu ne Musulmi ba. Tun da limaman Katolika suka kafa mishan a Naburongo a 1906, da Jirafa a 1929, 'yan arewacin Gana da yawa suka karɓi bangaskiyar Kirista, da suka zo neman aiki a kudu kuma zango ne ya karɓe su. Majami'ar Katolika ta St. Kizito tana cikin Nima. A gida ɗaya akan sami mai zuwa masallaci da mai zuwa sujada ran Lahadi suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya.

Kwana goma sha huɗu

Gana ta sami 'yancin kai a ranar 6 ga Maris 1957. Iyakokin da fatake suke ƙetarewa ba takarda suka zama iyakokin ƙasashe. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasar. Yawancin mutanen zango ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Waɗansu a Gana aka haife su, a nan aka haifi iyayensu. Dubun dubatar mutane, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da waɗansunsu ba su taɓa gani ba. Aure ya rabu, maƙwabta suka rabu.

Ita ma Makola ta ga tata ranar. A ranar 18 ga Agusta 1979 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings, wadda ta zargi matan kasuwa da ɓoye kaya da tsauwala farashi, ta rushe tsohuwar kasuwar da nakiya. Aka mai da filin wurin ajiye motoci. Kaya ba su yi araha ba saboda haka, ciniki kuma ya ci gaba a titunan da ke kewaye.

A watan Janairu na 1983 abin ya juyo. Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Nijeriya. Mutanen Gana wajen miliyan 1 suka kama hanyar gida, suka yi cincirindo a Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, a shekarar da fari da yunwa suka addabi ƙasarsu. Buhun leda mai zane da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora ake kiransa. Abin ya faru ne bayan ƙasashen biyu sun sa hannu a kan kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta 1979. Cikin shekara 14 kowace ƙasa ta ɗanɗana zama mai kora da zama korarriya.

Zango dai bai mutu ba. Waɗanda suka rage sun kafu, jikokinsu 'yan ƙasar Gana ne. A watan Afrilu na 2019, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Cow Lane a 1919, ya kuma zama Babban Limamin ƙasar a 1993, ya je majami'ar Katolika ta Christ the King a Akara ranar Ista, ya zauna cikin masu sujada a lokacin bikin cikarsa shekara 100.

Abin da ke ciki domin ikkilisiya

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 18, ya ba da labarin isowar Bulus birnin Koranti. Ya sauka a gidan Akila da matarsa Bilkisu, masu sana'a irin tasa ta ɗinkin tanti. Su kansu baƙi ne, gama Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Korarru ne suka zama masu masaukin manzo, ya zauna a birnin shekara ɗaya da rabi yana koyarwa, aka kafa ikkilisiya. A Filibi ma gidan Lidiya, 'yar kasuwa mai sayar da tufafi, shi ne masaukinsa. Bishara ta bi hanyoyin fatauci, ta kwana a gidajen waɗanda suka buɗe ƙofa. Shari'ar Musa kuma ta umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙo, tana tuna musu cewa su ma sun yi baƙunci a Masar.

Masu bi da suke sujada da Hausa sun san baƙunci. Da yawa sun bar ƙauyukansu na Filato, da kudancin Kaduna, da Bauci, da Maraɗi, waɗansu don neman aiki, waɗansu don gudun tashin hankali. Kowane mako mota tana sauke irinsu a Tudu, da Legas, da Abuja. Mai masaukin Salaga ya san baƙo yana bukatar abu huɗu a daren farko: ruwa, da wurin kwana, da mai yi masa tafinta, da wanda zai tsaya masa. Shi yana yi ne saboda la'ada, yana kuma zaɓen baƙon da yake da kaya. An kira ikkilisiya ta yi wannan aiki ba la'ada, ta kuma fara da wanda ba shi da kaya, kamar yarinyar da take dako a Makola tana kwana a bakin shago. Yana da kyau dattawan kowace ikkilisiya ta birni su san tashar da mutanensu suke sauka, su kuma san gidan da za a kai baƙo idan ya iso da dare.